Ranar Da Na Yi Wa Hajiya Tafinta A Asibitin Mata

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ana saura kwana biyar Babbar Sallah. Ko na so in manta ma Hajiya ba za ta bari ba, don duk baƙon da ya shigo gidanmu, kafin ya ajiye kofin ruwa an zuba masa labarin. Shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina ko na rage masa gishiri, don a bakinta kullum ƙara tsawo yake.

Ni dai karatuna aji uku ne na firamare, ukun ma rabinsa a tashar mota na yi shi. Shekara talatin ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, kuma a kan wannan hanyar na tsinci Turancina, guntu a wajen masu biredi, guntu a wajen masu faci. Da 'yarmu ta fari, Binta, ta gama karatu a nan Greensboro ta Amurka ta samu koyarwa a jami'a, sai ta ɗauko mu ni da uwarta. A lokacin da abin nan ya faru shekararmu bakwai a garin. Zaman banza bai karɓe ni ba, sai na nemi aiki a wani gidan ajiyar kaya a bakin titin Wendover, ina manna wa kwalaye salatif. A can Turancin ya ƙara ƙiba, har na kai in aka yi dariya nakan gane ko da ni ake.

To a gida ni ne Bature. In waya ta yi ƙara ni ake miƙa wa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa ni ke fita. Hajiya kuwa, a sanina, ko "zo in kashe ka" ba ta ji. Tana dai da ƙawa, maƙwabciyarmu Mis Loreta, wata dattijuwa baƙar fata mai lambu a bayan gida. Kullum da hantsi za ka gan su a jikin shinge, wannan ta miƙo kuɓewa, waccan ta miƙa yakuwa, suna ta kaɗa hannu suna dariya. Nakan leƙa ta taga in ce Allah sarki, zancen kurame. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Gidanmu shi ne gidan Sallah. Ɗalibai gwauraye, sababbin zuwa, mutanen Nijar, 'yan zangon Ghana, duk wanda ba shi da inda zai ci naman layya nan yake nufowa. Mutum arba'in, wata shekarar ma fiye. In an sauko idi sai mu maza mu nufi wata gona wajen Pleasant Garden, a yanka raguna biyu, a feɗe, mu lodo a but. Daga nan namu aikin ya ƙare, na Hajiya ya fara. Kwana biyu take yi a tsaye a gareji gaban kaskon suya, cikin zafin nan nasu mai danƙo. Ita ce wanke kayan ciki, ita ce babbakar kai da ƙafa, ita ce masa, ita ce miyar taushe, ga dambun nama na waɗanda za a aika wa. In wata ta ce a kawo ta taya ta, ni ke yin caraf in ce, "Haba, ai Hajiya ba ta son a sa mata hannu a girki." (Ba ta taɓa gaya mini haka ba. Ni na faɗa a madadinta. Kun ga tafintancin nawa ya daɗe da lalacewa.) Nawa aikin shi ne in ɗora babbar riga in harɗe a falo ina cewa "Ku ci, ku ci, ai ba komai," kamar ni na sha hayaƙin.

Hajiya a lokacin shekararta sittin da ɗaya (ita ta ce hamsin da takwas, ni kuma ba na musu da mai ba ni abinci). Ta kai shekara goma da gamawa da al'ada irin ta mata, sallarta ba fashi, azuminta ba ramuwa. Sai a azumin shekarar na lura ta sha wasu ranaku. Bayan Ƙaramar Sallah kuma na ga wani lokaci dardumarta a naɗe take wuni. Ku ji abin da babban banza ya ce, maimakon ya tambayi lafiya:

"A'a, Hajiya! Ƙuruciya ce ta dawo? In sayo lalle ne, ko sabon lefe za a haɗa?"

Ba ta yi dariya ba. Ni na yi tawa na yi tata. Haka aka yi ta tafiya, ta yi fashin kwana uku, ta koma, ta sake. Na ga tana yawan dafe mara, in ta miƙe sai ta kama bango, tafin hannunta ya yi fari fat. Duk na gani. Amma namiji irina, abin da ya shafi cikin mace ba ya cikin abin da yake kallo, ballantana ya furta. Haka muka taso. 'Ya'ya shida ta haifa mini, ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa kusa da ɗakin ba. Yawanci ma a hanya labari yake iske ni, in ce Allah ya raya in taka mota.

Ana saura mako guda Sallah muna shan shayi da safe, ta kalli taga ta ce, "Alhaji, Talata za ka kai ni asibiti."

"Wane irin asibiti ga Sallah a bakin ƙofa? Ki bari a ci nama mana."

"An riga an ba ni rana. Ƙarfe goma."

"To Binta ta kai ki, ai ita ce mai Turancin jami'a."

Sai ta juyo ta dube ni. "Ka taɓa jin na kama sunan yarinyar nan? 'Yar fari ce. Da wane bakin zan zauna a gabanta in faɗi abin da ke damuna?"

Gaskiyarta. Binta ta haura arba'in, tana da 'ya'ya uku, amma har gobe uwarta "yarinyar nan" take ce mata, in sun haɗa ido ma kowa ya kau da kai. Na ce to, Allah ya kai mu. Ban ko tambayi wanda ya nemo mata ranar ba. Hankalina yana kan raguna, don na riga na gaya wa rabin masallaci cewa na bana sun fi na bara.

Ranar Talata muka je. Ashe asibitin mata ne zalla. Da shigarmu na ga masu ciki a jere, wata kamar ta haihu a kan kujera, ga hotuna a bango irin waɗanda ko a littafi na gani rufewa zan yi. Ni kaɗai ne mai furfura a gemu. Na kafa wa takalmina ido kamar ranar na fara ganinsa. Yarinyar da ke kan tebur ta tambaya ko muna buƙatar tafinta, suna da shi, ba sai mun biya ba. Na buga ƙirji na ce ga tafinta nan a tsaye. Na juya na yi wa Hajiya bayani: "Hausawan jihar nan guda nawa ne? In aka kira wani, kafin mu isa gida zancen ya riga mu zuwa masallaci." Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin, da ina da hankali da na tsorata.

Tun da na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka. Dalilina biyu ne. Na farko kunya. Na biyu raguna. Na san halin likitocin ƙasar nan, kana cewa kanka yana ciwo za su ce ka kwanta sati biyu. In aka kwantar da Hajiya wa zai tsaya a gareji?

Aka kira mu ciki. Likitar mace ce, da tabarau, ba za ta girmi Binta ba. Ta gaishe mu, ta ja kujera ta zauna daf da Hajiya, ta tambayi abin da ya kawo ta. Na ce, "Ta ce me ke damunki." Ina jiran in ji irin kwana-kwanar da mata suke yi, jikin ne dai, sai a hankali. Ina! Hajiya ta kalli bango ta zayyano shi tiryan-tiryan:

"Ka gaya mata shekara goma ke nan da na daina al'ada. Wata uku ke nan jini yana zuwar mini, ya ɗauke, ya dawo. Marata tana ciwo. In na miƙe jiri nake ji."

Jama'a, shekara arba'in da ɗaya muna tare, ko da Hausa ban taɓa furta waɗannan kalmomi ba. Yau a ce in faɗe su da Turanci, a gaban sa'ar 'yar cikina? Na yi gyaran murya na ce:

"She tired small. Knee is paining."

Wato ta ɗan gaji, gwiwa ce ke ciwo. Likita ta dube ni ta saman tabarau. Ko ba ka jin yare ka san mutum ba zai yi magana mai tsawon kamu huɗu ba a fassara maka da taƙi ɗaya. Ta rubuta wani abu, sannan ta tambaya a fili ko akwai zubar jini. Wannan kalmar na san ta sarai, direban babbar mota ba ya rasa saninta. Na juya wajen Hajiya ba ko ƙifta ido na ce:

"Ta ce kina samun barci sosai?"

Sai a lokacin Hajiya ta ɗauke ido daga bango ta sauke shi a kaina. "Abin da ta ce ke nan?"

"Shi ne mana. Ni da ke wa ke jin Turanci?"

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma wanda zai sha kunya ba ya jin birki. Na gyara zama na shiga yi wa likita bayani da hannu da ƙafa, cewa ta ba mu maganin gwiwa kawai mu tafi, ranar Lahadi muna da babban biki, mutum arba'in, raguna biyu, kuma wannan matar da take gani ƙarfe ce, kwana biyu take yi a tsaye tana suya ko gezau. Har da ɗaga mata babban yatsa.

Hajiya ta gyara mayafinta. Ta ɗora hannu a kan gwiwar nan da na ce tana ciwo. Ta dubi likita ido cikin ido, ta buɗe baki:

"Doctor. This man, he lie. Blood is coming. Three month."

Wallahi da kujerar ba mai hannu ba ce da a ƙasa za a tsince ni. Na waiga bayana in ga ko wata ce ta shigo. Ba kowa. Matata ce, wadda nake karanta wa takardar wuta da ƙarfi ina ƙara mata bayanin da babu shi a ciki, ita ce yau ta ce da Turanci ƙarya nake, jini ne, wata uku.

Likita ta cire tabarau ta ajiye a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta fita, ta dawo tana turo wata sanda mai taya, a samanta allo kamar ƙaramar talabijin. Ta danna, sai ga fuskar wata yarinya da ɗankwali, da abin magana a kunne. Ban san ta ba, ban san garin da take ba, amma Hausarta tsaf.

"Ina kwana Mama, ina kwana Baba. Ni ce tafinta. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan sirri ne, kuma duk abin da aka faɗa zan fassara shi yadda yake."

Na ji "Baba", sai na ce ai ta gida ce, a yi ta a gida. Na matsa kusa da allon na rage murya na ce, "'Yar nan, ki rufa mana asiri. Ki ce mata tsohuwar ruɗewa ta yi, gwiwa ce. In an gama Sallah ma dawo."

Yarinyar nan ko ɗar. Ta juya harshe ta kwashe maganata kaf ta zuba wa likita. Ina ji da kunnena kalmar gwiwa ta wuce, kalmar biki ta wuce, har "tsohuwar" ba ta bari ba. Na ce, "Ke! Ai da ke nake, ba da ita ba!" Ta fassara wannan ma. Sannan ta ce, "Yi haƙuri Baba, na gaya maka komai nake fassarawa."

Na ja da baya daga allon. Na gane ko tari na yi sai an kai shi Turanci.

Likita ta tambayi Hajiya ko tana so a fitar da ni. Na fara tattara riga ina godiya a zuci. Hajiya ta ce, "A bar shi ya zauna. 'Ya'ya shida na haifa masa bai san ta inda aka bi ba. Yau ya sha karatu."

Aka fassara. Na ga likita ta cije leɓe. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wata roba ruwan hoda, ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu don ladabi, ban san ko mece ce ba. Wallahi kamar kan ragon layya, har da ƙahoni biyu a lanƙwashe.

"Baba," in ji yarinyar allo, "likita ta ce ka riƙe da kyau. Ta ce wannan ita ce siffar mahaifa. Nan 'ya'yanka shida suka zauna wata tara-tara."

Ku dube ni. Alhaji guda, mai zama sahun gaba, da hula zanna da carbi a aljihu, zaune da mahaifar roba a hannu, sa'ar 'yar cikina tana nuna mini da biro, sa'ar jikata tana fassarawa, matata tana kallona kamar malamar da ta kama ɗalibi da satar amsa. In ajiye, rashin kunya. In riƙe, abin kunya. Gumi ya jiƙa hular nan sharkaf, alhali sanyin na'ura ake a ɗakin.

Sai maganar ta canja, kunyar ma ta nemi wuri ta zauna.

"Ta ce macen da ta daɗe da daina al'ada, in ta ga jini, ko ɗigo ne, ba a jira. Sau da yawa ba abin tsoro ba ne. Amma wani lokaci farkon ciwon daji ne, kuma in an kama shi da wuri ana maganinsa. Ta ce wata ukun da aka yi ya isa. Ba za a ƙara ko mako ɗaya saboda biki ba."

Ciwon daji. Shi ya ɗauki yayar Hajiya a Kano, ita ma sai da abin ya ci ƙarfinta aka sani, don ba ta iya faɗa ba. Na dubi Hajiya, na ga yadda wuyanta ya rame, abin da na yi wata uku ina gani ina kau da kai. Ragunan nan biyu suka fice daga kaina ko sallama babu.

Aka ce in fita za a duba ta. Na zauna a cikin masu ciki da jakarta a cinya, wannan karon ban kalli takalmi ba, ƙofa nake kallo. Da aka sake kirana aka ce an yi mata hoto, an ɗebi ɗan abu za a kai gwaji, sakamako sai bayan mako guda. Tana da hawan jini, ga kuma ƙarancinsa a jiki (har yau ban gane yadda abu zai hau kuma ya yi kaɗan ba, amma ranar ba ni da bakin tambaya). An rubuta magani. Tsayuwa gaban wuta kwana biyu kuwa, babu ita.

Na ce alhamdulillahi an gama. Ashe da saura.

"Baba, likita ta ce ka maimaita abin da aka gaya maka da bakinka, ta tabbatar ka gane."

Na ce, "To, abin nan ne dai... na wajen nan... da yake zuwa."

"Baba, wane abu zan ce mata? Wane waje?"

Na rufe ido kamar mai shan maɗaci na ce, "Jini. Daga mahaifa. Ba a jira." Hajiya ta ce, "Ka ga ba ka mutu ba."

Muka kama hanyar gida, muka hau Wendover muka shiga cunkoso. A wata danja na kasa haƙuri.

"Hajiya, ina kika samo Turanci?"

"Kana tsammanin shekara bakwai ni da Loreta kuɓewa muke tattaunawa? Ita na fara gaya wa. Ita ta ce kada in kwana da shi, ita ta buga waya ta nemo mini rana."

"To tun da kina ji, me ya sa kika tafi da ni?"

Ta ce, "Ji nake yi, mayarwa ce ke ba ni wuya. Kuma tsoro nake ji, Alhaji. Na so a ce kana kusa."

Na bayanmu ya yi ta danna hon, wuta ta ba da hannu ban gani ba. Na samu filin ajiye motoci na wani babban kanti na tsaya. Ni ba gwanin ba da haƙuri ba ne, ban saba ba, sai na ji ina cewa wai a fasa taron Sallah, in kira kowa in ce bana babu. Ta ce, "Yaran nan ba su da kowa a garin nan, a ina za su ci nama? Ba za a fasa ba. Hannu za a ƙara. Kai ne ka ce ba na son taimako, kai za ka je ka warware."

Muna isa gida ta sa na kira Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, wadda ita ce uwar matan garin nan, in ta ce a taru an taru. Muka gaisa, na ce, "Dama Hajiya ce ba ta ɗan jin daɗi, gwiwa ce take..."

Daga kan kujera na ji, "Alhaji!"

"Ba gwiwa ba ce," na ce. "Ga ta dai."

Suka yi magana ta kusan awa guda. Ni dai abin da na jiyo daga wayar, da Hausar nan tasu ta Nijar mai ce wa likita lokotoro, shi ne, "Bon, lokotoro ta yi gaskiya. Ki zauna, mu za mu yi." Binta kuwa, tun da uwarta ba za ta iya ba, ni aka tura. Na same ta a ofis, na kalli silin na faɗa mata komai, da kalmomin nan duka, tun da bakin ya riga ya buɗe. Ta yi kuka, ta share, sannan ta ce, "Baba, wata uku? Kana gani?" Wannan tambayar ta fi robar nan nauyi.

Ranar Sallah kowane gida ya zo da tukunyarsa. Mariyama ta kawo masa, matan Ghana suka kawo shinkafa da wake da shito mai yaji, Binta ta yi miyar taushe uwarta tana gyara mata daga nesa ba tare da ta kira sunanta ba. Har Mis Loreta ta shigo da tiren waina irin tasu ta masara. Aka kafa wa Hajiya kujera a inuwa a bakin gareji, da ludayi a hannu tana nuni da shi. Ɗaliban nan masu digiri biyu-biyu suka tuɓe manyan riguna suka kama suya. Ni kuwa da na ɗauko babbar rigata, ludayin ya nuna ni, ya nuna wani baho a bayan gida.

"Kayan ciki, Alhaji. Tun da yanzu ka san ciki."

Shekara arba'in da ɗaya ina cin hanji da tumbi ina santi, ban taɓa sanin abin da ake fitarwa daga cikinsu ba sai ranar. Ina durƙushe ina fama, sai na ji falo ya ɗauki shewa. Na kasa kunne. Muryar Hajiya ce, ta koma ciki wajen mata, ta kumbura murya irin tawa tana cewa, "She tired small!" Asirin da na hana a kira tafinta don kada ya kai masallaci, ga mai shi tana rabawa da kanta kamar naman layya. Can sai ga Mariyama ta leƙo tana share hawayen dariya.

"Sannu da aiki, Alhaji Tafinta!"

Shi ke nan, suna ya bi ni. Har liman yanzu haka yake kirana. Amma da yamma ina kwashe kwanuka na ji Mariyamar nan ta rage murya tana tambayar Hajiya lambar asibitin, wai akwai wani ƙullutu da take ji a ƙirji tun bara, ba ta gaya wa kowa ba. Ta hango ni ta ce, "Kuma ba kai za ka kai ni ba." Na ce ko an roƙe ni.

An ci an sha, amma ni naman bai wuce mini da daɗi ba, kunnena yana kan waya. Sai ranar Laraba da hantsi aka kira, da tafinta a kan layi. Ba daji ba ne. Wani ɗan tsiro ne a mahaifa, shi ke zubar da jinin. Bayan sati biyu aka cire shi, da safe muka je, la'asar a gida muka yi ta. Da aka faɗi sakamakon Hajiya ta ce alhamdulillahi sau ɗaya ta ci gaba da tsinke yakuwarta. Ni ne na shiga banɗaki na daɗe, na fito na ce sabulu ne ya shiga mini ido. Ta ce, "Wannan ma fassara ce?"

Yanzu lafiyarta ƙalau, ta yi ƙiba, tana shan maganin hawan jininta, kuma kowace safiya ita da Loreta sai sun zaga unguwa a ƙafa. Ta Mariyama ma an duba, an yi abin da za a yi, tana nan tana ba mu umarni. Taron Sallah bai koma yadda yake ba, kowa da tukunyarsa, Hajiya da kujerarta da ludayinta, ni da bahona. Mutane ma sun ce ya fi daɗi, wai da can kunyar ci suke ji suna ganin tsohuwa a tsaye. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ko kuma an faɗa na fassara shi yadda nake so.

Abin da na koya bai fi biyu ba, kuma da tsada na saye su. Kunya ado ce, ban musa ba, amma in za ka asibiti ka rataye ta a gida tare da babbar riga, don likita ba ta maganin gwiwar da ba ta ciwo. Na biyu, in kana zuba Turanci matarka ta yi shiru tana kallon bango, kada ka ɗauka ba ta ji. Tara maka take yi.

Watan jiya na mayar da ita a sake dubawa. Yarinyar kan tebur ta tambaya ko muna buƙatar tafinta. Kafin Hajiya ta buɗe baki na ce a turo mai sandar nan, na karɓi jaka na nemi wuri cikin masu ciki na zauna.